Gyaɗar da ba ta sayarwa ba

A gidanmu na unguwar Amrigebe gyaɗa kashi biyu ce. Mai kyau ta kasuwa, don mu 'yan kasuwa ne tun kakanni, ba ma cutar baƙo. Wadda ta yi fumfuna, ta yanƙwane, ta yi ɗaci, wannan tamu ce. Inna ta soya, ta niƙa, ta dama kunu, ta yi miya. Wai wuta tana kashe komai, kuma zubar da abinci saɓo ne. Haka muka tashi cikin tsoron Allah.

Da cikin Yaya ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, dangi suka zama likitoci. Wannan ta ce shawara ce, wancan ya ce sammu ne daga maƙwabcin shagonsa a Kilemat. Sai da aka gama ɗura masa saiwoyi sannan aka tuna akwai asibiti. Ni aka tafi da ni tafinta, tunda ni aka yi asarar kaiwa lakwal, makarantar boko.

Likita ya yi bayaninsa da Faransanci, a natse, har da zane. Dajin hanta ne. Ya ce a cikin ƙwayoyin halittar hanta akwai masu cewa a hayayyafa, akwai mai tsawatarwa. Gubar fumfunar gyaɗa tana lalata mai tsawatarwar. Ƙwayar ciwon hanta kuma, wadda yawanci jariri ke ɗauka wajen uwa, tana zuga masu hayayyafar. Kowace ita kaɗai masifa ce. In suka haɗu a hanta ɗaya, aikin yana sauri.

Wato dai laifi biyu, ɗaya daga jinin Inna, ɗaya daga tukunyarta. Tana zaune tana kallon bakina.

"Me doktor ɗin ya ce?"

"Ya ce gado ne, Inna. Daga dangin Baba."

Baba ya daɗe a kabari, ba zai musa ba. Inna ta yi ajiyar zuciya. "Kalas, shi ke nan. Dama danginsu ba su da jini mai kyau."

Na ji daɗin kaina ƙwarai, ni mai hikima, mai jinƙan uwa.

Yaya ya rasu kafin damina ta fita. Bayan sadakar arba'in na leƙa gida da hantsi, na tarar da 'ya'yansa mata biyu a tabarma, kowace da kofinta. Inna tana zuba musu kunu, tana lallashin ƙaramar ta shanye, wai marayu sai da ƙarfin jiki. Faifan gyaɗar nan mai fumfuna yana gefenta.

Tsoro ya kama ni, na kuma ji haushin kaina. Na karɓe kofunan, yaran suka sa kuka.

"Ke lafiyarki?" in ji Inna.

Na zauna a ƙasa gabanta. "Inna, ranar nan a asibiti, ban faɗa miki abin da likita ya ce ba."

Ta ajiye ludayin. Ta dubi jikokinta, ta ce, "To faɗa mini da Hausa. Kada ki rage komai."