Ranar da Takardar Jirgin Inna Ta Bi Mota

Gidanmu a Jibiya yana bayan titin da ya miƙe zuwa iyaka. Idan manyan motoci suka yi layi suna jiran a buɗe musu hanya, daga tsakar gida muna jin direbobi suna musu a kan wanda ya riga wani zuwa. A tsakar gidan nan kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, take hura wutar karan gero da zarar sanyi ya shigo. Tsakanin magariba da isha'i ne lokacinta. Takan zauna a kan 'yar kujerarta da ƙwaryar gyaɗa a cinya, mu kuma mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya matsa kusa da wuta.

Iya ba ta ba da tatsuniya a banza. Sai ta zuba wa kowa gyaɗa a gabansa, in hannunka ya tsaya da ɓara, bakinta ma ya tsaya. Ni kuwa hannuna ya fi na kowa tsayawa, domin ba na iya jin abu ban tambaya ba. Takan harare ni ta ce, "Wanga miji nawa, da da tambaya ake noma, da mun cika rumbu." Yara su kwashe da dariya, ni ko a jikina.

Ba ta fara labari yadda sauran tsofaffin unguwa suke farawa. Sai ta leƙa wajen ƙofa kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga wata nan ta taho daga nesa, ƙahwahunta duk sun gaji." Mu kuma mu amsa, "A ba ta tabarma ta zauna." A cikin duk tatsuniyoyin da ta zaunar mana, ta tsohuwa da mai jirgin ruwa ce ta fi tsaya mini a rai.

Wai akwai wani babban kogi, da mai jirgi guda ɗaya a bakinsa. Duk wanda zai ƙetare, mai jirgin yakan ɗauki sakaina ya karya biyu, ya ba shi rabi, ya riƙe rabi. Ranar tafiya ka kawo naka, a haɗa, in sun dace ka shiga. Da mai jirgin ya tsufa sai ɗansa ya gaje shi, ya ce shi ya daina wannan aiki. Ya zana da'ira a kan yashi, ya ce daga yau inuwa ce shaida. Kowa ya zo ya tsaya a bakin da'irar, inuwarsa ta faɗa ciki, ya duba ya gane ta, sai a wuce. Inuwa ba ta ɓata, ba a mantawa da ita a gida, kuma ba wanda zai ari ta wani.

Sai ga wata tsohuwa ta taho da ƙullin daddawa a ka, 'yarta ta haihu a ƙetare, tana so ta isa kafin suna. Ta kwance bakin zane ta fito da rabin sakainarta ta tun zamanin uban. Mai jirgi ya ce wannan ta daina aiki, ta tsaya a ga inuwarta. Ranar kuwa hadari ya rufe sama. Ta tsaya, ta juya dama, ta juya hagu, ba inuwa. Ta kwana uku a bakin kogin, rana ba ta leƙo ba.

A rana ta huɗu da yamma ta tara kara, ta hura wuta, ta juya mata baya. Inuwarta ta miƙe, ta wuce da'irar, ta hau kan ruwa, har kanta ya taɓa waccan gaɓar. Mai jirgi ya ce, to ai inuwarki ta riga ta ƙetare, ke me kike nema kuma? A nan Iya takan canza murya ta yi ta tsohuwar, a shaƙe: "Kai ka ce mutum da inuwa tai ba su rabuwa. To kai ni in ɗauko abata." Dole ya ɗauke ta. Amma ko da ta isa, an yi suna an watse, har an wanke tukwane.

"Nan na aje ta," in ji Iya, "mai so shi ɗauka."

Sauran yara sun gamsu, tsohuwa ta yi wayo, shi ke nan. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Na tambaye ta me ya sa ɗan mai jirgi ya bar sakaina, mugu ne? Ta ce a'a, mutane ne suka fara fasa ƙoren matansu a gida suna gyara bakin su kawo, ya gaji da rigima. Na ce to mutanen garin tsohuwar ba su san an canza ba? Ta ce sun sani sarai. Na ce to me ya hana su gaya mata?

"Sun aza ta sani," in ji Iya. "Ɓare gyaɗarka."

Iya ta rasu ina sakandare. Na girma, na zama malamin firamare a Bugaje, ina zuwa ina dawowa a kan babur. Na yi shekaru ban tuna da tsohuwar bakin kogi ba, sai bara.

Bara aka bugo daga Ikko cewa Kawu Lawal, yayan mahaifiyata Inna, yana asibiti. Ya fi shekara talatin a can yana sayar da albasa, kuma rabon da su ga juna da Inna an daɗe. Matarsa ta ce jikin ya yi nauyi, ba ya kiran sunan kowa sai Asabe, wato Inna. Ta ce in za a zo a zo yanzu, ba ta jin zai jira tafiyar mota. Na nema wa Inna kujera a jirgin safe daga Kano na samu. Makon jarrabawa ne, ba halin in bi ta, ita kuwa ba ta taɓa shiga jirgi ba.

Kamfanin da na samu ya daina ba da takardar shiga jirgi. Komai a waya yake: wani ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa baƙin riɗi a faranti, shi za a ɗora a kan gilashi ƙofa ta buɗe. Wayar Inna ƙarama ce mai tocila, don haka na ce ta tafi da tawa. Na zaunar da ita na nuna mata inda za ta danna. Ta karɓa tana juyawa.

"Malam," haka take kirana don ni ne ɗan fari, "ina takardar take?"

"Ita ce wannan, Inna."

"Wagga? To su can mi za su riƙe, in ni na riƙe wagga?"

Na ce su ma suna da tasu a kwamfuta. Ta gyaɗa kai, ta danna sau uku ba kuskure, har tana yi mini dariya wai na ɗauka ƙwaƙwalwarta ta tsufa. Na kwanta ina yaba wa kaina.

Wanda zai kai ta Kano maƙwabcinmu ne, Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi shekara ashirin yana jigila tsakanin Jibiya da garinsu. Duk wanda ya taɓa shiga motar iyaka ya san yadda ake yi. Kafin a isa shinge, direba yakan miƙo hannu baya, kowa ya sa masa katinsa. Shi zai sauka ya je wurin jami'ai, shi ya san wanda zai gaisar da yadda zai gaishe shi, in an wuce ya raba wa kowa nasa. Fasinja mai hankali ba ya riƙe takardarsa, ba ya kuma sa baki. Inna ta bi Isuhu zuwa biki da ta'aziyya a Maraɗi ba adadi, kuma haka suke yi kullum.

Saboda haka suna fita gari ta miƙa masa wayar ta ce, "Riƙe, Isuhu, takardar jirgi ce." Ya ce, "To, Inna," ya buɗe aljihun mota ya sa ta tare da takardun motarsa. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. A hanya ba a tambayi takardar kowa ba, don haka ba abin da ya tuna masa ya mayar. Ya kai ta filin jirgi a kan lokaci, ya ɗaukar mata jaka har bakin ƙofa, ya yi mata addu'a, ya wuce kasuwar Dawanau ɗaukar kayan da zai koma da su.

Ma'aikaciyar da ke duba fasinjoji, wata yarinya mai haƙuri, ta ce, "Mama, kawo wayar." Inna ta ce, "Tana wurin direban da ya kawo ni, ɗiyata. Bai ba ku ba?" Yarinyar ta duba kwamfuta ta ga sunan, amma ta ce ƙofar ba ta buɗewa sai an ɗora wayar, injin buga takarda kuwa tuni aka ɗauke shi daga wurin. Ta ce Inna ta kira wanda ya saya mata kujerar ya turo.

Lamba ɗaya Inna ta sani a duniya, tawa. Ta fito da 'yar wayarta ta yi ta kira, wayata kuwa tana ta kuka a aljihun mota a Dawanau, Isuhu yana can yana jayayya da masu ɗora buhuna. Sai da ya gama ɗaure kaya ya shiga zai tayar da mota ya ji ƙara. Ya buɗe aljihun motar, sai ga wayar. Ya juya da lodinsa ya kutsa cikin cunkoson Kano, yana zufa yana salati. Yana shiga harabar filin, jirgin yana tashi a kan idonsa.

Yarinyar nan, Allah ya saka mata, ita ta yi ta kai da kawo har aka mayar da Inna jirgin yamma. Isuhu ya ƙi tafiya. Ya zauna kusa da Inna wuni guda, wayar kuwa ta ƙulle ta a bakin mayafi, ko shi ya ce ta kawo ya duba caji sai ta ƙi. Ni ban san komai ba sai da ya bugo wa matata bayan azahar, ita kuma ta kira wani abokin aikina ya gaya mini. Na bar takardun jarrabawa a kan tebur na fita bayan aji na tsaya. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron. Awa bakwai na ƙara wa mutumin da aka ce ba zai jira ba.

Kawu ya jira. Ta same shi ido biyu, ya dube ta ya ce, "Asabe, wai ta sama kika zo?" har ya yi 'yar dariya. Ta kwana biyu tana ba shi ruwa a cokali, a na uku Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga lokacin nake juya tatsuniyar Iya. Ina yaro na ɗauka labarin wayon tsohuwa ne, ko na taurin kan mai jirgi. Yanzu mutanen garin nake kallo, domin a cikinsu na tsinci kaina. Na koya wa Inna inda za ta danna, ban taɓa tambayar ta yadda take tafiya ba. Ni da na tashi a bakin iyaka, na sa katina a hannun direba sau ɗari, ban ce mata kalma ɗaya ba: wannan ba a ba direba. Na aza ta sani. Har yau ina mamakin abin: masu jirgi suna da hujjarsu, takarda tana ɓata, tana yagewa, ana yin ta jabu. Inna ma tana da tata, shekara arba'in hanya tana koya mata cewa takarda a hannun direba ta fi tsira. Kowa ya yi daidai, kuma saura kaɗan ta rasa ɗan'uwanta. Da Iya na da rai da na dame ta da tambaya a kan wannan har wutar ta mutu.

Bayan Inna ta dawo, masu gaisuwa sun ragu, wata rana da la'asar ta kira ni ɗakinta. Ta sauko da wata tsohuwar kwalla, ta buɗe, na ga hoton Kawu yana saurayi a ciki. Ta ce in ciro mata takardar jirgin nan daga waya, tana so ta ajiye tare da hoton.

Na buɗe inda take. Babu. An rubuta cewa ba ni da wata tafiya a gaba. Na duba sama, na duba ƙasa, ɗan murabba'in ya tafi tun ranar da jirgin ya sauka. Na gaya mata. Ta karɓi wayar ta duba fuskarta, ta juya bayanta ta duba, ta miƙo mini.

"To ni da na tahi na gan shi, mi za ni aje?"

 Sannan ta ce in yago takarda daga littafin makaranta. Na yago, na ɗora a gwiwa. Ta ce in rubuta sunanta, da na Kawu, da ranar da ta tafi, da cewa daga Kano ta tashi ta sauka Ikko. Na rubuta. Inna ba ta karatun boko, amma ta sunkuyo tana bin biron da ido.

"Saura guda," ta ce. "Rubuta na iske shi da rai. Wannan ka rubuta shi da girma."