Metal na Huɗu a Hanyar Babban Mutum

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Daura, mu uku: ni a kan sitiyari, mahaifiyata a baya da ƙullin kayan dubiya, sai tsohon bakanike, aminin marigayi mahaifina, a gefena. Garin Babban Mutum muka nufa, domin an aiko cewa jikin yayar Inna ya tsananta. Inna kuwa ta ce ba za ta hau motar haya ba alhali motar mijinta ta tashi.

Shekara shida motar tana ajiye tun rasuwarsa, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Sati uku muka yi ni da Baba bakanike muna haɗa injin. Kayan gyaran a wurin wani Ibo muka saya, wanda ya ƙi tashi lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a wasu 'yan'uwansa suka koma gida. Da ya miƙo mini metal, wato siraran ƙarafan nan masu kama da rabin awarwaro da ake sa wa a gindin sandar fistin, sai ya ce, "Malam, ka shafa musu mai sosai kafin ka ɗaure. Busasshe ɗaya ya isa ya kashe inji."

A nan damuwata take. Ranar ɗaurin na shafa wa uku baƙin mai, ina kan na huɗu aka kira la'asar. Da na dawo daga masallaci na ɗaure abina. Sai bayan an rufe inji na fara tambayar kaina: na shafa wa na huɗun ko ban shafa ba? Kwana uku ina juya maganar, kunya ta hana ni faɗa.

Hanyar Zango ba laifi. Damina ta zauna, gero ya kai ƙirji, ga allunan tasbihi jere a bakin titi. Ina karanta kowanne da ƙarfi har Inna ta yaba da ibadata, ba ta san tsoro ba ne. A Zango muka sayi ƙosai mai zafi, ya fi na Daura girma, ya kuma fi arha. Ni dai ban ji ɗanɗanonsa ba, kunnena yana kan inji.

Mun wuce garin kaɗan sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga ƙasa. Na gangara gefen wata gonar gyaɗa na kashe mota.

"Baba, akwai abin da ban faɗa maka ba," na ce, sannan na zayyane masa komai.

Ya juyo ya dube ni. "Kwana uku? Muna cin tuwo tare, ka kasa buɗe baki?"

Ya fita ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya ɗaga wa rana. Ƙyalli yake nema, domin in metal ya fara cinyewa, garinsa yakan fito a cikin mai. Sannan ya sa na tayar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙotar. Inna tana baya tana jan carbi, sau ɗaya kawai ta ce, "Za mu same ta kuwa?"

Ƙarar dai ta salansa ce, wato bututun hayaƙi, wani noti ya kwance. Baba ya ɗaure shi da waya. Game da metal kuwa ya ce kafin a tayar da injin ranar farko ya cire fulogai ya yi ta juya shi har mai ya zagaya, wataƙila wannan ya cece mu. "Amma ban ce maka lafiya ba. Ka tafi kamar kana ɗauke da ƙwai."

Haka muka ratsa Baure. Masu babur suna wuce mu, har wani mai amalanken shanu ya yi tafiya daidai da mu na ɗan lokaci yana yi mana sannu. Kowane rami sai na taka birki na lallaɓa.

Da hantsi muka shiga Babban Mutum. Mun tarar da yayar Inna a kwance, ta rame ƙwarai, amma da Inna ta ce "Yaya, ni ce," ta buɗe ido ta kama hannunta. Suka wuni a haka. An kawo mana fura da nono mai kauri, a nan ne na fara jin yunwa.

Inna ta ce za ta zauna jinya, don haka mu biyu muka juyo bayan la'asar, muka iso Daura kafin magariba. Washegari Baba ya sa na kwance ƙasan injin da hannuna. Metal na huɗu yana da ɗan karce siriri, muka canja shi, Baba ya tsaya a kaina har na shafa mai.

Abin da na koya shi ne, gyaran awa biyu ne na ɓoye, har na kusa hana mahaifiyata ganin 'yar'uwarta. Kwana tara bayan zuwanmu Allah Ya karɓi abarsa, kanta a kan cinyar Inna.