Gidan Gaskiya Ba Unguwa Ba Ce

Damina bakwai ke nan da ruwan Binuwai ya ci yayana Ɗanjuma. Na so in bar ranar ta wuce yadda na saba, da sadakar waina da addu'a, amma makon jiya na ga abin da ya hana ni yin shiru, kuma ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya mai jirgin ruwa ne a unguwarmu ta bakin kogi, nan Garwa. Ranar da ruwa ya shigo mana, tun da hantsi yake kwasar mutane yana kai su tudun makaranta, shi kaɗai, domin sauran masu jirgi duk sun tafi kamun kifi a madatsar ruwa ta Lagdo. Wajen la'asar ya koma ɗauko wata tsohuwa da jikokinta. Jirgin ya hau wata katanga da ruwa ya rufe, ya kife. Yaya ya ɗora su kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ƙarfinsa ya ƙare. Sai bayan kwana uku aka same shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan rana shi ne ruɗewa. Agaji ya zo, ba na musu, amma tantuna suna can, mutane suna nan, maganin amai da gudawa yana kulle a wani ɗaki, an rasa mai makulli. Wata biyu kafin nan wasu masu agaji sun bi gida-gida suna rubuta masu jirgi, Yaya ya ba da sunansa yana murna, yana cewa ai ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar ba ta iso bakin ruwa ba ranar da ake nemanta.

To yanzu an ci gaba. Masu agajin sun tara komai a kwamfuta, wuri ɗaya da suke kira baz: ina sito, ina gidan sauro, wace makaranta ce kan tudu, wa yake da mota, wa yake da jirgi. Ni unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Pumpumre, shi ya sa aka gayyace ni cikin waɗanda za su gwada abin su faɗi ko yana da amfani. Mai kula da shi wata mata ce daga kudu, Madam Solanj, mai haƙuri, Fulatancinta ya fi Hausarta.

Gaskiya na ji daɗin abin da na fara gani. Na nemi maganin amai da gudawa, kafin in gyara zama ya nuna mini inda yake da wanda yake riƙe da makulli. Da Yaya yana raye da ya tafa hannu ya ce yau ga aljanin da ba ya neman turare. Mutum ne mai son sabon abu, ko da bai gane shi ba.

Sai na nemi jirgi a unguwarmu. Ya nuna jirgi ɗaya, mai inji, a shirye. Na ce ikon Allah, na wane ne? Ni dai na san tun bayan Yaya babu jirgin da yake kwana a unguwar da damina. Madam ta taɓa wurin, suna ya fito: Mouhamadou Sani Oumarou. Na karanta sau biyu kafin in gane. Sunan yankan Yaya ne, wanda yake kan kart ɗinsa, wato katin shaida. Ni kaina ban taɓa kiransa da shi ba, kuma in ka shiga unguwarmu kana neman Muhammadu Sani, mutum huɗu za su fito, babu mai jirgi a cikinsu. Shi ya sa duk wanda aka karanta wa jerin sai ya ce e, yana nan lafiya.

Na ce mata mutumin nan ya rasu. Ta ce ba zai yiwu ba, domin bara ita da kanta ta je gidan ta tabbatar, ga ma abin da ta rubuta: ya sauya gida, amma yana cikin gari. Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce matarsa.

Daga nan gidan Yaya na wuce, raina a ɓace. Na tarar da Hajara, matarsa, tana tsince shinkafa. Na ce mata, haba matar Yaya, yaya za ki ce wa baƙi mijinki ya tashi daga gida? Ta ajiye faifai ta dube ni.

"Asabe, ni na ce ya tashi? Baƙuwar ta ambaci sunan maigidan, ni kuwa kin san bakina ba ya faɗarsa. Na ce mata ya riga mu gidan gaskiya. Ta ce nan cikin gari? Na ce kusa ma kuwa, duk can za mu."

Na zauna kan turmi, dariya tana son fita, hawaye suka riga ta. Wa zan zaga? Hajara ta faɗi mutuwa yadda uwarta ta koya mata, domin mu ba ma jefa kalmar nan tsirara a kan namu. Madam ta ji gida, ta rubuta gida. Kowace ta yi gaskiya, kwamfuta ta haɗa gaskiyar biyu ta haifi ƙarya.

Ƙaryar kuwa ba ƙarama ba ce. Ranar da ruwa ya dawo, mai raba jirage zai duba ya ga unguwarmu tana da nata, ya tura na agaji wani wuri. Mata da yara za su hau rufi su jira mutumin da yake kabari. Da Yaya zai leƙo ya ga an bar unguwarsa ta jingina da sunansa kawai, wallahi da ya fi kowa fushi. Bai taɓa cewa zan zo ba ya ƙi zuwa.

A takardar da aka ba ni na rubuta ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Abin yana da amfani, ya fi rashinsa nesa ba kusa ba, amma gani ya kori ji. Kada a rubuta jirgi sai an taɓa shi da hannu. A sa laƙabin mutum kusa da sunan kart. A je da ɗan unguwa wanda ya san abin da ake nufi in an ce wane ya yi nisa, ko wance ta kwanta dama. A kuma duba da damina, ba da rani da masu jirgi duk suke gida ba.

Washegari na koma na ce a cire sunan. Ban ɗauka zai yi mini wuya ba. Nan ne kaɗai wurin da ya rage a duniya inda Yaya yake a shirye, da jirginsa da injinsa, kuma ni ƙanwarsa ce na zo in ce a goge. Madam ta ba ni haƙuri da Hausarta mai tuntuɓe, ta goge. Gaban sunan unguwarmu ya koma babu.

Me ya rage na Yaya? Jirgin ya ruɓe. Jikokin tsohuwar nan sun girma, babbar ma ni na karɓi haihuwarta watan jiya. Wannan ya ishe shi shaida, Allah ya kai haske kabarinsa. Amma gurbinsa yana nan buɗe, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Da na gaya wa Hajara an cire sunan, sai ta ce, "To yanzu wa zai zo?"

Na ce za a kawo wani, in Allah ya yarda. Ta tashi ta ce in kama mata buhun gero mu ɗora kan rumbu, sama da inda ruwa ya kai wancan karon.