Tumatir Mai Zare

Wata rana na ɗaure tumatir ɗin kasuwa a jikin shukar taubashiyata.

Ku tsaya ku ji kafin ku zage ni.

Tasalla sunanta, 'yar kawuna ce. Tun muna yara ni da ita ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Ta kira ni bawanta, in kira ta baiwata, haka har furfura ta same mu.

Bayan rasuwar mijinta sai ta mai da filin bayan gidansu gona. Masara, gyaɗa, kabewa, yakuwa, alayyahu, zogale a jikin katanga. Ruwan alwala da na wanke-wanke duk ta yi musu hanya zuwa gindin gwanda. Kashin kaji kuwa, ko na roƙa ba ta bayarwa.

Sai babban ɗanta Nazifi ya ce filin nan ɓarna ake yi da shi, shaguna zai gina a zuba 'yan haya. Ita ta ce filin ne ke ciyar da ita. Ya ce in haka ne, ranar cika-ciki ta ƙosar da dangi kaf da abin da ya fito daga gidan, gishiri kawai aka yafe mata. In ta iya, ya haƙura. In ta kasa, magina su shigo.

Ta ce ta yarda.

Komai nata ya yi kyau, ban da tumatir. Tsutsa ta cinye shi, sai kara da ganye kamar gashin tsohuwar tsintsiya.

Ana gobe cika-ciki ta tafi gidan suna. Ni kuma na biya kasuwa, na zaɓo jajaye masu ƙyalli, na samo koren zare, na shiga na ɗaɗɗaure su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ganye. Wallahi aikin ya yi kyau, ni kaina na tsaya ina kallo.

Shirina shi ne ta dafa, a ci, a sha ruwa, sannan in miƙe in tona. A yi ta mata dariya har baɗi.

Washegari na zo da yunwata da dariyata.

A ƙofar gida na ga tulin yashi.

Ashe Nazifi ba wasa yake ba. Ina zama a tabarma na ji yana gaya wa ƙannensa cewa ko albasa ɗaya ta kasuwa aka samu a tukunya, magana ta ƙare.

In na yi shiru, baiwata ta ci da ƙarya ba ta sani ba. In na yi magana, na rushe mata gona da bakina.

Aka fara fito da abinci.

Tuwon masarar bara, daga rumbunta. Miyar taushe ta sha kabewa da gyaɗa, yakuwa ta ba ta tsami. Daddawar ma da 'ya'yan yakuwar ta yi abarta. Zakaru biyu da na saba jin cararsu, ga su a kwance cikin man gyaɗar da ta matse da hannunta. Dambun zogale. Gwanda a yanke.

Ina leƙa miya ina neman ja.

Sai ga Tasalla da ƙaramin kwano a rufe da faifai. Ta wuce kowa, ta dire shi a gabana, ta buɗe.

Tumatir ɗina ne. Ɗanye. Kowanne da zarensa.

Nazifi ya ce, "Inna, wannan fa daga ina?"

Ta ce, "Baƙi ne, jiya suka sauka a gonata da igiyarsu. Ga mai masaukinsu nan. Ɗanliti, bawana, bismilla. Tuwo na 'yan gida ne."

Dariyar da na shirya mata, a kaina ta ƙare. Har jikokinta sai da suka kwanta. Wai tun daga bakin ƙofa ta gane, don tumatir ɗin da ta raina ba ya nuna gaba ɗaya rana ɗaya kamar an yi masa oda.

Sai da na cinye biyu da gishiri kafin ta ba ni tuwo.

Nazifi ya jawo kwanonsa. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu. Da ya miƙe sai ya tambaye ta ko yashin nan zai yi mata amfani. Ta ce a kai bayan gida, za ta gauraya da taki ta cika buhuna.

Ɗaya daga cikin tumatir ɗin ta hana ni. Ta matse 'ya'yansa ta shanya.

Yanzu haka suna nan sun yi layi a buhunan yashin Nazifi, jajir, babu zare. Duk wanda ya shiga sai ta nuna masa ta ce irin bawanta ne.

Ni kuwa duk inda na zauna sai na ce matar nan jinina ce.

Darasi: Abin da hannunka ya shuka, ko kaɗan ne, ba ya buƙatar ka ɗaura masa na aro kafin ka fitar da shi gaban mutane.

Ku tura wa duk mai fili a bayan gida da ya bar wa ciyawa. In kuma kana da taubashi irina, tura masa sau biyu.