Ranar da Na Ba da Shaida a Kan Yayana

Bin umarnin Allah da wuya. Duk wanda ya ce muku da daɗi, to a cikin majami'a kawai yake bin nasa, inda ba mai tambayarsa komai.

Shekarun baya, tabkin Madarumfa ya yi wata irin cika har ya haɗiye garakenmu na bakin ruwa gaba ɗaya. Mu a nan da gamba ake yin iyakar garka, a dasa ciyawar a jere, kowa ya san inda tasa ta tsaya. Ruwa ya zauna a kan wurin wata da watanni. Da ya janye sai laka fetal, ba gamba, ba alama. Kowa ya koma yana auna nasa da ido.

Yayana shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya koya mini dashen albasa, shi ya yi mini aure. Lakwal ma, wato makarantar boko, shi ya cire ni, da ya ga ba abin da nake kawowa gida sai shatar bulala. Gidanmu Kirista ne tun zamanin tsohonmu, cikin ƴan gidaje kaɗan a unguwar, kuma ranar Lahadi yayana ya fi ni ɗaga murya wajen waƙa.

Garkarsa ta yi iyaka da ta wani mutumin garin Gabi, wanda ya gaji wurin daga kawunsa. Mutumin nan ba ya da daɗin zama. Akuyarka ta leƙa shingensa, sai ya zagi kakanka. Ni kaina ba na son sa, har yau kuma ban fara ba.

A ɓangaren mutumin akwai ƴar rijiya ta ban ruwa. Da yayana ya tashi dasa sabuwar gamba, sai ya dasa ta bayan rijiyar, rijiya ta faɗo cikin tasa garkar, ya zuba dashen albasa a kewayenta. Mutumin Gabi ya yi ihu, ya kai ƙara wurin mai gari. Kawun nasa ya rasu, tsofaffin da suka san wurin sun rasu. Saura mutum guda: ni. Don ni na haƙa rijiyar nan ina saurayi, kawun ne ya sa ni, a cikin garkarsa, yana kawo mini fura da rana. Duk unguwa ta san haka.

Ana gobe za a zauna, yayana ya kira ni gindin darbejiyar ƙofar gida, yana ɓarar gyaɗa. Ya tura mini kwanon.

"Gobe za su kira ka."

Na ce, "Na ji, Yaya."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce ka manta. Mutum ba ya mantuwa ne?"

"Yaya, ni na haƙa ta. Ga tabon diga nan a ƙafata."

"To wa ya ce ka nuna musu ƙafar? Ji wannan! Fasto ma bai kai ka ba."

Na ce masa ba zan iya ba. Allah ya hana shaidar zur, yayan nawa da bakinsa ya koya mini dokokin nan ina ƙarami. Sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce in ci gyaɗa. Bai ɗauka da gaske nake ba. Tunda aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba, me zai sa ya ɗauka?

Na shiga wajen mahaifiyata ko za ta sa baki. Ta dube ni ta ce, "Ku biyu na haifa, ban haifi rijiya ba. Kada ku sa ni ciki." Matata kuwa cewa ta yi, "Maigida, duk abin da za ka faɗa, ka tuna ƙofa guda muke shiga da su." Ba wanda ya ce in yi ƙarya, ba kuma wanda ya ce in faɗi gaskiya. Aka bar ni da Allah.

Da aka zauna a zauren mai gari, wurin ya cika. Kowa ya faɗi tasa, aka zo kaina. Mai gari ya ce, "Ku ba a ba ku Alƙur'ani ku dafa, na sani. Ubanku bai taɓa rantsuwa a zauren nan ba, ba a kuma taɓa kama shi da magana biyu ba. Rijiyar nan, a garkar wa ka haƙa ta?"

Ba zan ɓoye muku ba, "na manta" ta zo har bakina. Na dubi yayana, yana ta gyara hula hankalinsa kwance. Na ce, "Ranka ya daɗe, a garkar kawun mutumin nan na haƙa ta. Gamba ta dā tana gaban rijiyar, ta wajenmu."

Shi ke nan. Magana ba ta fi haka ba.

Yayana bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, na ji." Ya bi ta gabana ya fita kamar ginshiƙin zaure ya wuce. Mutumin Gabi kuwa ko sannu bai ce mini ba. Abin da ya ce shi ne, "To a zo a kwashe mini albasar nan daga wurina, in ba haka ba in sa awaki."

Kafin damina yayana ya ja zana a tsakar gida, ya raba mu. Daga baya ya ba da jinginar garkar, ya kwashe iyalinsa ya koma Ɗan Issa yana lodin motoci. Ƴaƴansa da suka tashi a cinyata suka koma gaishe ni daga nesa. Da mahaifiyarmu ta rasu muka zauna tabarma guda karɓar gaisuwa, a nan ya sake yi mini magana, ya ce in miƙo masa buta. Yanzu muna gaisawa. Yana tambayar iyali, ina tambayar aiki. Irin gaisuwar da kake yi da wanda kuka haɗu a tasha.

Rijiyar fa? Ba ta daɗe ba ta rufta. Mutumin ya sayi injin ban ruwa yana ja daga tabki, ko waiwayarta bai yi ba.

Fastonmu ya ce mini Allah ba ya manta mai biyayya. Na yarda. Amma ni ban ga wani abu ya sauko mini daga sama ba, albasata ba ta fi ta kowa girma ba. Masu ba da shaida a majami'a kullum labarinsu yana ƙarewa da samu. Nawa da rashi ya ƙare, shi ya sa ban taɓa tashi na ba da shi ba, sai yau da nake rubuta muku. In aka maida ni zauren nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, don ban san yadda zan buɗe baki in yi addu'a ba in na faɗi wani abu daban. Amma kada wani ya ce mini in yi murna. Ina da yaya guda a duniya, na kuma rasa shi yana da rai. Wani lokaci ina cikin ban ruwa sai in ji kamar zai ƙwala mini kira daga bayan shinge, ya ce na cika wa fangalin albasa ruwa.

Washegarin shari'ar, tun rana ba ta yi zafi ba, na ɗauki kwando na tafi bakin rijiyar. Na tumɓuke dashen albasar yayana ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsa, mutumin Gabi na tsaye a kaina yana kallon kada in taka masa wuri. Na ɗora a ka na kawo ƙofar ɗakin yayana, na yi sallama. Matarsa ta fito ta ce wai ba ya nan, ga takalmansa a bakin ƙofa. Na ce to. Na ajiye kwandon a inuwa, na yayyafa masa ruwa, na ce ta faɗa masa dashen ba zai kai yamma ba in ba a sa shi a ƙasa ba. Na ɗan tsaya ko zan ji motsi. Sannan na ɗauki fartanyata na tafi garka.