Takun Da Anti Verlyn Ta Ajiye Wa Uwa

Ni kafinta ne, kuma na gaji da masu cewa suna son yara. Kowa yana so, har ranar da yaro zai juye masa madara a takalmi. Anti Verlyn Baptiste ba ta taɓa cewa tana son su ba. Abin da take faɗa kullum shi ne, "Sun cinye mini gwiwoyi." Amma tun da ta baro ƙasarsu Grenada tana budurwa take rainon 'ya'yan mutane a nan birnin Winnipeg, ga shi furfura ta rufe mata kai, wasu daga cikin waɗanda ta raina har sun yi gemu.

A gidan Colleen Marchuk na san ta. Colleen ma'aikaciyar jinya ce da ake turawa ƙauyukan arewa a jirgi, sai ta daɗe kafin ta dawo. Daga ita sai ɗanta Emmet, sai Verlyn da ke kwana a ɗakin ƙasa. An kira ni in kafa 'yan ƙofofi a bakin bene, domin Emmet bai cika shekara ba, amma babu abin da bai hau ba a gidan. Na taɓa juya baya in ɗauki ƙusa, na waiwayo na same shi zaune cikin akwatin kayan aikina yana tsotsar ƙotar guduma. Verlyn dai Maigida take ce masa, kuma gaskiyarta.

Masu raino a nan suna da wata al'ada: duk abin da yaro ya fara yi a hannunsu, ba su gani ba. Sai ranar da uwa ta gani ya zama na farko. To, kakar Emmet ba ta san wannan ba. Ita ta aika wa Colleen hoton haƙorinsa na farko, ita ta aika mata na rarrafe. Ranar da Colleen za ta sake tafiya, ina ji ta ce, "Anti, in yaron nan ya fara tafiya ba na nan, na rantse ajiye aikin zan yi."

In ta ajiye, zaman Verlyn a gidan ya ƙare. Da gwiwoyin nan kuwa, ba mai ba ta sabon jariri.

Colleen ba ta jima da tafiya ba, ina durƙushe ina aiki, Emmet ya saki kujera ya tako har inda nake, ya kama mini hanci.

Verlyn ta ce, "Gord, me ka gani?"

"Na ga yaro ya yi tafiya."

"Tsufa ya taɓa maka ido. Faɗuwa ya yi, a hankali dai ya yi ta."

"Daga can har nan?"

"Kai kafinta ne ko ɗan jarida? Buga ƙusarka."

Na buga ƙusata. Matsalar ita ce Maigida bai san da wata al'ada ba. Washegari yana zagaya tebur. Kafin mako ya raba, gudu yake yi, kyanwar gidan ta koma kwana a saman firji. Duk wanda ya ga wannan gudun ya san ba yau aka fara ba.

Verlyn ta koma saɓa shi a kwankwaso, wai ko zai manta. Da shi take girki, da shi take wanki, yana harbin iska kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa. In Colleen ta kira ta bidiyo, sai a ɗaure shi a kujerar cin abincinsa, a cika masa hannu da ayaba. Kaka kuwa aka ce mata ana mura a gidan, kada ta zo. Na ga Verlyn tana sauka ɗakin ƙasa da baya, tana dafa bango.

Na ce, "Anti, ki faɗa mata gaskiya mana. Za ki karye."

"In na karye ka haɗa ni da ƙusa, ai aikinka ne."

Ranar Juma'ar da Colleen za ta dawo na zo ƙarasa ƙofa ta ƙarshe. Verlyn ta wuni da yaron cikin dusar ƙanƙara, ta hana shi barcin rana. Da suka shigo ba ta cire masa kayan sanyi ba: riga haɗe da wando mai kaurin katifa, da takalma masu nauyi. Ya tsaya a tsakar falo, hannuwa a buɗe, ko lanƙwasa gwiwa ba ya iyawa.

Na ce, "Dafa ɗan mutane za ki yi?"

"Yanzu muka shigo. Ko ba yanzu muka shigo ba, Gord?"

Motar haya ta tsaya a waje. Colleen ta shigo, ta yar da jaka, ta durƙusa. Emmet ya yi tangaɗi, ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya ƙara ɗagawa, ya kife a jikinta. Colleen ta fashe da kuka tana cewa, "Anti, kin gani? Kin gani?"

Verlyn ta dafe ƙirji. "Ikon Allah!"

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Amma uwa uwa ce, ta ji ɗanta ya jiƙe da gumi, ta zuge masa rigar, ta zare takalman. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zura a guje, ya sha kwanar tebur ko dafawa bai yi ba, ya bi kyanwa kicin.

Ni dai na kama ɗaure wata ƙusa da ta riga ta ɗauru.

Verlyn ta ce, "Yaran yanzu, saurin koyo gare su."

Colleen ta dube ta, ta dubi yadda take tsaye a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Ta share hawaye ta ce, "Ni na fara gani, ko Anti?"

"Ke kika fara gani, 'yata."

Ba ta ajiye aikin ba. Kafin ta koma arewa ta kira ni ta ce in yi abin riƙewa a matakalar ɗakin ƙasa, hagu da dama, da katako mai kyau. Ba ta faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na gama, Verlyn ta kama shi ta girgiza da ƙarfi, ta ce, "Ba laifi. Amma gobe Maigida zai hau shi, ka sani."

Kafin gobe ma ya hau.