Makullin Baba Katung

Shekara arba'in da ɗaya Baba Katung ya yi yana tuƙi, kuma bai taɓa saka wa mota giya injinta da sanyi ba. Ya fara da motar katako tsakanin Kafanchan da Kwoi, daga baya ya zama direban wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, inda ya ja Fijo guda har ta tsufa a hannunsa. Ƙa'idarsa ba ta canzawa. Da safe a ɗaga bonet, a duba ruwan lagireto, a zaro ƙarfen gwada baƙin mai a goge a mayar, sannan a ta da inji a bar shi ya ɗumama minti goma. Duk direban da ba ya haka, a wurin Baba, ɗan acaɓa ne da ya tsinci sitiyari.

Da matarsa ta rasu, 'yarsa Martina, wadda ke aikin nas a wani asibiti a Washington, ta ɗauko shi ya dawo wurinta a Woodbridge, wani gari kusa da birnin. Satin farko ta miƙa masa makullin motarta na biyu. Ba don yana da wurin zuwa ba, sai don mutumin da ya tsufa da makulli a aljihu ba a zaunar da shi a gida kamar baƙo. Ya juya abin a tafin hannunsa, ɗan baƙin roba ne kamar akwatin ashana, ya tambaye ta ina ƙarfen. Ta ce ai babu. In dai abin na aljihunka, ƙofa za ta buɗe da kanta, ka taka birki ka danna maɓalli ta tashi. Baba ya ce motar da ba ta buƙatar a murɗa mata makulli ba ta san girman direba ba. Duk da haka ya karɓa, kuma tun daga washegari ya ɗauki ɗumama ta a matsayin aikinsa.

Sau nawa Martina ta gaya masa motocin yanzu ba su son wannan wahala? Ta dawo daga aikin dare ƙarfe takwas na safe, ta sha cunkoson babbar hanya, inji da zafinsa rau, amma ƙarfe tara Baba zai sa hularsa ya shiga gareji ya ɗumama abarsa. Ta gaji ta ƙyale shi. Shekara biyar ana haka ba abin da ya faru.

Sai mantuwa ta fara shigo masa. Da fari sunayen mutanen coci ne suka riƙa kuɓuce masa, sai ranakun mako, sai ya fara tambayar yaushe Mama za ta dawo daga kasuwa. Martina ta san sunan ciwon, ta yi jinyar iyayen mutane da dama masu irinsa, amma sanin bai rage mata komai ba. Ta samo wata dattijuwa 'yar cocinsu tana kwana da shi in tana aiki. Abu ɗaya ne mantuwar ba ta taɓa ba, shi ne ƙarfe tara.

Wata Talata cikin sanyin Janairu, tana tsakiyar barcin safe, na'urar gane gurɓatacciyar iska ta hau ihu a falo. Ta tashi kanta na sara. Ta tarar da Baba a kan kujera yana gyangyaɗi, mota kuma tana ta aiki a gareji, ƙofa a rufe ruf, hayaƙin salansa na shigowa cikin gida. A da, sai ya zare makulli ya ji nauyinsa a aljihu kafin ya san ya gama. Yanzu makullin bai taɓa barin aljihun ba, to hankalinsa ya gaya masa ya kashe. Ta ja shi waje cikin sanyi, ƙafarta ko takalmi babu. Ya dube ta ya ce me ya sa take fitowa gaban mutane da rigar barci.

Ta gwada ajiye motar a waje. Bayan kwana uku 'yan sanda suka kira ta daga wajen Fredericksburg, wani gari can nesa da gida, sun tsayar da wani tsoho mai ladabi a motarta da ya ce musu Kafanchan za shi. Ta gwada ɓoye makullin. Baba ya wuni yana birkita gida, ya ƙi cin abinci, da yamma ya zauna bakin gado ya ce shi dai bai taɓa ɓatar da makullin mota ba, ko wani ya shigo ne? Ba ta iya jurewa ba, ta ce ta tsinta a ƙarƙashin kujera. Abokan aikinta Turawa suka ce ta zaunar da shi kawai ta gaya masa ya gama tuƙi. Da sauƙin faɗa. A gidansu 'ya ba ta kallon idon ubanta ta ce ya miƙo abin da ke aljihunsa.

Ranar Asabar, ta bar Baba da dattijuwar, ta kai motar wurin Sabo, wani makanike ɗan Jos da ke da gareji a Upper Marlboro.

"Anti, me ke damunta?" Sabo ya tambaya, yana goge hannu. "Wannan ai lafiyarta ƙalau."

"Lafiyar tata ce matsalar. So nake ta daina sanin makullin Baba."

Ta kwashe labari ta gaya masa. Sabo ya ce kullum mutane na zuwa ya haɗa musu makulli, yau ne aka fara cewa ya raba. Ya jona kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya goge makullin Baba daga ƙwaƙwalwar motar. Ya kuma kashe tsarin nan da mota ke jiyo makulli daga nesa, don kada nata da take ratayewa kusa da ƙofar gareji ya ta da ita. Daga yau, ko ita sai ta danna makullinta ƙofa ta buɗe, sai kuma ta manna shi jikin maɓallin kafin inji ya tashi.

"Nasa fa?" ta ce.

"Zai ci gaba da kawo 'yar jar wutarsa in ya danna. Amma motar ba za ta amsa ba. Anti, Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya ba ki haƙuri."

Aikin bai kai minti ashirin ba. Ta zauna a motar a bakin garejin Sabo ta fi haka kafin ta iya kama hanya. Ba kuka ta yi ba, gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya magani.

Washegari da safe, da ta dawo daga aiki, ba ta kwanta ba. Ta bar masa motar a buɗe, ta zauna a kicin da rigar aiki a jikinta. Ƙarfe tara ta ji ƙarar ɗaga bonet, ta ji an rufe, ta ji ƙofar mota. Daga nan shiru. Sai bonet ya sake ɗagawa. Ta daure minti goma sha biyar, sannan ta leƙa.

Baba yana tsaye hannunsa duk baƙin mai, ya cire wayar batir ya goge ya mayar. Da ya gan ta sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Madam, ina kwana," ya ce.

"Baba, ni ce, Martina."

"Madam, motar ta ƙi tashi. Na duba ruwa, na duba mai, na duba batir. Jiya lafiya na ajiye ta. Ban taɓa lalata motar da aka ba ni amana ba. Ki gaya wa maigida kada ya sallame ni, ina da yarinya a makaranta, nas take karantawa."

Martina ta dafa bango. Gaskiyar tana bakinta, amma ta san in ta faɗa, ko dai ba zai gane ba, ko kuma ya gane, wanda ya fi muni.

"Ba laifinka ba ne, Malam Katung," ta ce. "Ba wanda zai sallame ka. Zo ka wanke hannu ka sha shayi."

Ya yi godiya har sau uku. Kafin shayin ya huce ya manta da maganar, yana ba ta labarin gadar Kwoi da damina, yana dariya. Ita ce ba ta iya sha ba. Ta gane cewa gobe ƙarfe tara zai sa hularsa ya shiga gareji da zuciya ɗaya, motar ta ƙi tashi, ya sake tsayawa a gabanta yana roƙo. Jibi ma haka. Shi zai manta kowace safiya, ita kuwa za ta tuna da su duka.